Ni Na Cire Murfin Injin

Yawancinku kun buɗi ido kun tarar da hannuna na dama da yatsu biyu, babba da ƙarami, kuma na san kowannenku yana da labarin da ya ji game da sauran ukun. Wanda ya fi yawo a dangi shi ne wai wani makaniki ne ya tayar da inji alhali hannuna yana ciki. Rabin maganar gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya zalla wuyar kankarewa. Na gyara zancen tun a shekarar da abin ya faru, amma labarin farko ya riga ya yi nisa, gyaran bai taɓa cim masa ba. Lokacin kuna ƙanana, da kuka girma kuma kowa ya kama gabansa. Yanzu da na samu zama, bari in rubuta muku shi yadda ya faru, da hannun hagun da na koya wa rubutu bayan na haura arba'in.

A shekarar nan ni ne helma, wato shugaban ma'aikata, a wata masana'antar abincin kaji da dabbobi da ke can bayan Sama Road. Ba wata babba ba ce. Doguwar rumfar kwano ce, da sito biyu, da ɗakin janareta a bayan bango. Muna niƙa masara da waken suya, mu haɗa da dusar alkama da tunkuza da garin ƙashi, mu ɗura a buhuna. Injuna biyu ne ke riƙe da aikin. Akwai injin niƙa, wanda ƙararsa ke bin mutum har gida. Akwai kuma injin haɗi, ƙaton bahon ƙarfe a kwance, da sanda mai fukafukai tana juyawa a cikinsa tana cuɗa gari. A bakin bahon akwai murfin raga na ƙarfe, gari yana wucewa ta ramukansa amma hannu ba ya shiga. Na iya aikin nan, ba yabon kai ba. Da jin kukan inji nakan san bel ya saki ko rariya ta huje. Mai wurin, wanda duk muke kira Alhaji, yakan yi wata bai leƙo ba saboda ya san ina nan.

Makanikinmu sunansa Bulus, Kirista ne, mutumin Filato, yana zaune a Gidan Igwai da matarsa malamar firamare. Dogo ne marar yawan magana, ba ya barin kayan aikinsa a ƙasa ko da sifana ɗaya. Shi ya ƙera murfin ragar da hannunsa, bayan wani ma'aikacinmu ya rasa kan yatsa a wurin. A sana'armu irin wannan ba baƙon abu ba ne. In ka shiga taron masu injin niƙa ka miƙa hannu kuna gaisawa, da wuya ka gama zagaye ba ka ji tafin da bai cika ba. Kowa yakan ce ƙaddara ce, a yi jaje, a koma aiki. Bulus ne mutum na farko da na ji ya ce ƙaddara gaskiya ce, amma ƙarfe da walda ma Allah ne ya ba mu.

Babbar Sallah ta faɗo cikin damina a shekarar. Masu kiwon raguna suka yi mana caa, kowa yana son ragonsa ya ƙara kumari kafin ya kai shi kara, kasuwar dabbobi. Motoci da amalanke suna layi tun daga ƙofa har bakin titi. Ga dusa ta sha laima, sai ta dunƙule a kan raga ta ƙi wucewa, mutum biyu suna dannawa da itace. Aikin da muke gamawa kafin azahar ya koma sai la'asar. Wata safiya na duba layin nan, na duba ragar nan, na ɗauki sifana na kwance murfin na jingine shi a bango. Nan take aiki ya kama gudu. Da Bulus ya fito daga ɗakin janareta ya gani, sai ya tsaya.

"Helma, wa ya cire murfin nan?"

"Ni niɗ ɗebe shi," na ce. "Bayan Sallah mu maida."

"Inji bai san Sallah ba. A mayar da shi yau."

"Bulus, injin ga na san shi awa yunwar cikina. Ka bar ni da aikina, ka ji da naka."

Ya dube ni, ya koma ɗakin janareta. Kwana biyu a jere yana mayar da murfin bayan an tashi, ni kuma ina zuwa da safe in kwance. A rana ta uku na ɗauke shi gaba ɗaya na kulle a sito. Har a gida na ba innarku labari muna cin tuwo, ina dariya, ina cewa na yi maganin makanikin da ke son ya koya wa kifi iyo.

Ranar Laraba ce, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Injin haɗi yana cike sai aka ɗauke wuta. Dokar wurin, wadda ni da kaina nake koya wa sababbin ma'aikata, ita ce da zarar wuta ta tafi a kashe makunnin kowane inji kafin a taɓa komai. Ban kashe ba. Na san janaretanmu yana da gardama, Bulus yakan jima yana lallashinsa kafin ya tashi, don haka na ɗauka ina da lokaci. Na hango wani dunƙulen dusa ya maƙale a jikin fiffike, na zura hannu don in farfasa shi. Abin da ban sani ba shi ne Bulus ya gyara janaretan tun jiya da yamma. Bugu ɗaya ya kama. Kafin ya juya wuta ya ɗaga murya daga bayan bango ya ce a kula, kamar yadda ya saba, amma ruwan da ke dukan kwano ya cinye muryar.

Ban ji zafi da farko ba. Ji na yi an fizge ni da ƙarfi har ƙirjina ya bugi bakin baho, sannan na ji an sake ni. Wani ma'aikaci mai suna Mamman ne ya daki makunni. Da na ɗago hannun na ga garin da ke jikinsa yana komawa ja, na ƙirga yatsu na ga lissafi bai cika ba. Mutane suka tsaya cirko-cirko suna salati. Bulus ne ya ratso su, ya tuɓe rigarsa ya naɗe hannun ya matse, ya ɗaga shi sama da kaina, ya sungume ni zuwa a-kori-kurar masana'anta. Duk hanyar asibiti yana riƙe da hannun a sama, ruwa yana dukanmu a bayan mota, yana ta maimaita sunana don kada in sume. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Manuniya da ta tsakiya sun riga sun tafi, ta zobe kuma ta farfashe yadda sai da aka ƙarasa ta.

Ina kwance a asibiti labari ya ginu ba da ni ba. Baffanku Buhari, yayana, wanda kuka sani da Baba Malam, ya yi shekaru yana magatakarda a kotu, ya san yadda ake bin haƙƙi. Tun mutuwar mahaifinmu shi ne uba a gidanmu na Ƙofar Rini, kuma ina so ku sani duk abin da ya yi don ni ya yi shi. Ya je ya sami Alhaji. Alhaji ya tara ma'aikata ya tambayi wa ya tayar da inji, aka ce Bulus. Ya tambayi ina murfi, kowa ya sunkuyar da kai, wani ya ce sha'anin ƙarfe ai na makaniki ne. Ba su yi haka don mugunta ba, kunyata suke ji. Da aka juyo kan Bulus, Mamman ya gaya mini daga baya, Bulus ɗin cewa ya yi shi ne ya tayar da janareta, wannan bai musa ba, amma maganar murfi a bari Helma ya tashi ya faɗa da bakinsa, shi ba zai yi magana a kan mutumin da ke kwance ba. Aka dakatar da shi. Ya zo duba ni sau biyu, Yaya Buhari ya mayar da shi daga ƙofar ɗaki.

Da aka sallamo ni, Yaya ya zaunar da ni a zaure ya gaya mini yadda suka shirya. Bayan Sallah za a zauna, in tabbatar da cewa sakacin makaniki ne, a sallame shi, masana'anta ta biya ni diyyar yatsuna, in koma kan matsayina. Na ce to. Wallahi to na ce. A kwanakin nan ba ni da ƙarfin tunanin kowa sai kaina. Innarku ke yi mini alwala, ita ke ɗaure mini wando. Ina cin abinci da cokali a hagu, rabi a baki rabi a riga. In na zauna tahiya sai in ji ina ɗaga manuniyar da babu ita. Baƙi suna zuwa jaje su miƙo hannu, su tuna, su janye. Ragon layya ma a shekarar maƙwabci ne ya yanka mini, ina tsaye ina kallo kamar baƙo a gidana.

Kwana uku kafin zaman, da la'asar, innarku tana wanke mini kai a tsakar gida. Kakarku tana zaune a kan tabarma a gefe tana jan tazbaha. Kun san innarku ba ta da hayaniya. Tana zuba ruwa ta yi maganar kamar mai tambayar cefane.

"Malam, in anka zauna, mi za ka ce game da murhin?"

"Wane murhi?"

"Wanda kac ce ka kulle ga sito. Ni dai na ji ka da kunnena, kana dariya."

"Ke ba ki san sha'anin ga ba. Ɗiya shida gare mu. Mi za su ci in babu aikin?"

"Abin da Allah yab ba su. Shi ma mutumin ɗiya gare shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ni ne na rasa yatsu, ba Bulus ba, in akwai wanda ya cancanci a tausaya wa ni ne. Ta ci gaba da cuɗa mini kai. Kakarku ce, wadda na ɗauka ba ta jin mu, ta ajiye tazbaha.

"Aliyu, hannu ya riga ya tahi, ba shi dawowa. Kak ka bi shi da abin da yaf hi hannu."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Washegari na sami Yaya Buhari bayan ya gama ba ɗalibansa karatu, na gaya masa gaskiyar murfin tun daga farko. Ya saurare ni har na gama, ya shafa gemu.

"Ba wanda yac ce ka yi ƙarya," ya ce. "Shi yat tada inji ko ba shi ba? Ka tsaya nan. Sauran ka yi shiru. Shi makaniki na, duk inda yat tahi shina samun aiki. Kai fa, wa za ya ɗauke ka da yatsu biyu?"

"Yaya, wa za ya ɗauki makanikin da anka ce ya yanke hannun mutum?"

"Na riga na ba Alhaji magana. Kunyata ni za ka yi gaban mutane?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, don ban taɓa saɓa masa ba tun ina yaro. Ban ba shi amsa ba. Shi ya ɗauki shirun a matsayin yarda, ni kuwa na riga na san abin da zan yi.

Aka zauna a ofishin Alhaji, shi da Yaya a kan kujeru, Mamman a matsayin shaida, Bulus yana tsaye kusa da ƙofa da hularsa a hannu. Ya rame. Da Alhaji ya ce in faɗi abin da ya faru, na faɗa a jere, ban rage ba. Na ce ni na kwance murfi, Bulus ya hana ni, ya mayar sau biyu, na kulle a sito, in ana so a je a duba yana nan bayan buhunan garin ƙashi. Na ce ni ne ban kashe makunni ba. Na ce ya yi kira kafin ya juya wuta, ruwa ne ya hana a ji. Muryata ba ta yi rawa ba, kuma har yau in na tuna ina jin daɗin hakan. Yaya Buhari ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Alhaji ya aika aka buɗe sito, aka kawo murfin aka ajiye a tsakiyar ofis.

"Aliyu, ka san abin da maganar ga taj ja maka?" in ji Alhaji.

"Na sani, ranka shi daɗe."

Bai zalunce ni ba. Ya ɗauki nauyin asibiti har na warke. Amma ya ce ba zai iya barin ma'aikata a hannun wanda ya karya dokar da shi ke koyarwa ba, kuma maganar diyya ta tashi. Ya yi mini tayin zama a bakin ƙofa ina rubuta motocin da ke shiga da fita. Na yi godiya na ƙi. Wataƙila girman kai ne, amma ban ga yadda zan zauna a kan benci ina kallon wani yana tafiyar da injunana ba. Da muka fito Bulus ya biyo ni har bakin titi. Na ɗauka godiya zai yi.

"Helma, ni ma da laifina," ya ce. "Da na zagayo na duba da idona. Taku goma ne."

Aka mayar da Bulus bakin aikinsa, kuma tun daga makon nan ya sa kwaɗo a akwatin makunnin kowane inji. Duk wanda zai zura hannu a ciki, shi zai kashe, ya kulle, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Murfin kuma ya liƙe shi da walda yadda sifana ba ta kwance shi. Daga baya masu injuna da dama a garin nan sun aiko an kwafi tsarin.

Ba zan ɓoye muku ba, shekarar da ta biyo baya ta yi tsanani. Na kama ɗan shago a Ƙofar Rini ina sayar da dusa da kowar wake da harawa a mudu da ɗauri, ni da na saba lodin motoci. Innarku ta fara dakan fura ta sayarwa. Ke Hadiza, ke ce babba, ke kika fi kowa biya. Shekara guda kika zauna a gida kafin ki ci gaba da karatu, kina kallon ƙawayenki suna wucewa. Ba ki taɓa tambayata dalili ba. To ga dalilin, kuma in da za a maimaita haka zan sake yi, sai dai in nemi gafararki tun da wuri. Yaya Buhari kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. In na ce ina kwana ya ce lahiya, ya mayar da ido kan littafi. Gida ɗaya, zaure ɗaya, wata bakwai.

Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne babur. Ina da ƙaramin nan marar kulochi da ake kira roba-roba, amma totur da birkin gaba duk a dama suke, yatsu biyu ba sa riƙe su. Yana jingine a zaure ƙura tana hawa, ni kuwa ko'ina sai a ƙafa ko a bayan ɗan kabu-kabu. Wata Asabar Bulus ya zo shago ya ce in ba shi aron babur ɗin na kwana uku. Ban tambaye shi me zai yi ba. Ranar Talata ya aiko in same shi a Gidan Igwai. Na tarar ya mayar da birkin gaba hannun hagu, a dama kuma ya ƙera wani ɗan harshen ƙarfe da babban yatsa ke dannawa a maimakon murɗa totur, da ƙugiya mai laushi inda ƙaramin yatsa zai maƙale. Ya sa na zagaya filin bayan gidansu sau uku, matarsa tana tsaye a ƙofa tana dariya, yana bina a guje yana cewa in sassauta. Na nemi in biya shi, ya ce in hau in tafi kafin ya canza ra'ayi.

Na tuƙo kaina daga Gidan Igwai har Ƙofar Rini, a hankali, ina bin gefen titi. Ina shan kwanar unguwarmu sai ga Yaya Buhari a ƙofar gida da sandarsa, yana jiran abin hawa zai je ta'aziyya. Na tsaya a gabansa, ban san ko in yi magana ko in wuce ba. Ya dubi babur ɗin, ya sunkuya ya taɓa harshen ƙarfen da yatsa, ya danna ya saki.

"Wa yay yi maka wanga?"

"Bulus na, Yaya."

Ya ɗago. Sannan ya tattara babbar rigarsa, ya ɗaga ƙafa ya hau bayana, ya ɗora sandar a kan cinyarsa.

"Kai ni Sama Road," ya ce. "Kak ka yi gudu."

Muka kama hanya. Sai da muka wuce ƙofar gari ya matso kusa da kunnena saboda iska.

"In ka ga Bulus, ka ce ina gaishe shi. A'a, bari. Mu biya can in munka taso."